Hanyar Shagon Abba

Ranar da ta fara zuwa aikin sa-kai a ɗakin wasannin, ranar ta tafka abin kunyar da har yau in an tuna mata sai ta rufe fuska da mayafi.

Ƙwallon makafi ake bugawa. Mutum uku nan, uku can, kowa an rufe masa ido da baƙin ƙyalle, har masu ɗan sauran gani, don kada wani ya fi wani. Ƙwallon mai nauyi ce, da 'yan ƙararrawa a cikinta. A ƙasa ake gangaro ta da ƙarfi, masu tsaron raga su kasa kunne, su zube su tare ta da jikinsu. Kunne ne idonsu, shi ya sa da zarar an busa usur ɗakin yake yin tsit, ko tari mutum sai ya haɗiye abinsa.

Koci ta yi wa sababbin 'yan sa-kai wannan bayanin tun da safe. Ita kuwa baiwar Allah ta makara, ba ta ji ba. Tana shigowa aka miƙa mata gorunan ruwa, ta tsaya a gefe tana kallo. Da ta ga ƙwallo ta nufi raga a guje, sai jininta ya hau.

"Tare! Tare ta! Ga ta nan ta hagunka, wayyo!"

Ihun ya cika ɗakin, ya danne ƙarar ƙwallon. Ɗan wasan tsakiya ya zube dama, ƙwallo ta wuce hagu abinta, ta shige raga. Usur ya tashi. Koci ta juyo ta watsa mata wani kallo da ya sa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ɗan wasan ya tashi zaune a hankali, ya karkata kai wajen da muryar ta fito.

"Koci, wace ƙararrawa ce kuma aka ƙaro mana a waje? Wannan ai ta fi ta cikin ƙwallon ƙarfi."

Aka fashe da dariya. Shi ke nan, suna ya bi ta. Daga ranar babu mai kiranta da wani abu a wurin sai Ƙararrawa.

Da aka tashi ta lallaɓa ta kai masa ruwa. Shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar, kuma da Kyaftin kowa ke kiransa. Ya cire ƙyallen, gumi na bin fuskarsa. Ta ga dogon saurayi mai yawan murmushi, idanunsa na kallon wani wuri can saman kafaɗarta.

"Don Allah ka yi haƙuri. Wallahi ban sani ba."

"Ba komai. Sai dai ki sani, hagunki ne kika faɗa mini, ba haguna ba." Ya kurɓi ruwa. "Raka ni benci in ɗauki sandata. Ba sai kin ja ni ba, ki dai riƙa magana, zan bi muryar. Ai ba mai ɓuya ba ce."

Ta yi gaba tana magana, ita kanta ba ta san me take cewa ba, shi kuma yana biye yana dariya ƙasa-ƙasa.

Abin da bai sani ba, ba neman lada kaɗai ya kawo ta ba. Abbanta kafinta ne, mutum mai ji da hannunsa da idonsa, wanda zai kalli katako ya gaya maka inda zai tsage. Hawan jinin ido ya kama shi, ganin yana ta janyewa, har ya zama sai inuwa-inuwa yake gani. Ya rufe shagonsa da ke bayan gida. Ya zauna a kujera ɗaya a falo, rediyo a gefe, ya kafa doka: kada wanda ya kuskura ya gaya wa mutanen waje halin da yake ciki. Ita ce 'yarsa tilo, Uwata yake ce mata. Tana tashi daga makarantar da take koyarwa sai gida. Kallonsa a kujerar nan yana cin ranta, shi ya sa da ta ji ana neman masu taimako a wasannin masu buƙata ta musamman ta rubuta sunanta, ko ta ga yadda marasa gani suke rayuwa.

Ta kuwa gani. Kowace Asabar ita ce goge fili, ita ce cika goruna, ita ce tsintar ƙwallo. Koci ta koya mata shimfiɗa layukan filin: siririyar igiya ake miƙewa a ƙasa, a bi ta da salatif mai faɗi a manne, ta yadda ɗan wasa zai shafa da hannu ko tafin ƙafa ya san inda yake. Ta koyi faɗin sunanta in ta shigo, ta koyi sallama in za ta bar wuri don kada a bar mutum yana magana da iska. Ta kuma koyi riƙe bakinta, wanda shi ya fi ba ta wuya.

Kyaftin malamin kwamfuta ne, wayarsa ita ke karanta masa saƙo da murya. Da farko saƙonnin na aiki ne. Sannu a hankali suka daina zama na aiki.

"Ƙararrawa, yau ɗakin ya yi shiru da yawa. Lafiya ba ki zo ba?"

"Taron iyaye aka yi a makaranta. Ai na ɗauka shirun kuke so."

"A cikin fili muke son shi. A wajen fili ni dai ban ce ba."

Wata Asabar ana hutun rabin lokaci ta tura masa saƙo daga ɗaya gefen ɗakin don tsokana, ta manta bai sa abin kunne ba. Wayar ta ɗaga murya a tsakiyar 'yan wasa, ta karanto tiryan-tiryan: "Ka yi ƙoƙari yau, Kyaftin ɗina. Jar zuciya. Jar zuciya. Fuska mai jin kunya."

Dogo, abokinsa mai tsaron hagu, ya kwanta a ƙasa yana dukan fili don dariya. "Jar zuciya har biyu! Koci, a busa usur, an ci mu!"

Ita kam a ɗakin ajiyar kaya ta ƙarasa ranar. Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Tunda waya ta riga ta tona, bari ni ma in faɗa da bakina. Ina son ki. Ban san kalar fuskarki ba, amma na san takunki, na san yadda kike jan numfashi in za ki yi faɗa. So nake in zo in gaida Abba, in kin yarda."

Ta karanta ya fi a ƙirga. Daɗi ya cika ta, tsoro kuma ya biyo baya, don ta san wanda za ta tunkara.

Umma ta fara gaya wa. Umma ta ce, "Ni ba ni da ta cewa, ki je ki same shi." Ta je ta durƙusa gaban kujerar, ta yi bayani tana inda-inda. Abba ya saurara har ta kai ƙarshe, sannan ya miƙa hannu ya kashe rediyo.

"Makaho ne?"

"Eh, Abba. Amma yana da aikinsa, yana da..."

"Ban tambaye ki aikinsa ba." Ya katse ta. "Uwata, dube ni. Ruwan sha sai an miƙo mini. Banɗaki sai an riƙe hannuna kamar yaron goye. Uwarki ta tsufa a wata shida saboda ni. Ni na san abin nan, a cikinsa nake kwana nake tashi. Sai kuma in ɗauke ki da hannuna in ba wani irina? Ki yi jinyar uba, ki koma ki yi jinyar miji? Makafi biyu a wuyan 'yata? Ban yarda ba, kuma kada ki sake kawo mini maganar."

Da zagi ya yi, da ta sami abin yin fushi. Amma kuka ne a muryarsa, sai ta tashi ta shige ɗaki ta yi nata.

Akwai kuma mai kyamis ɗin bakin titi, wanda ke kawo wa Abba maganin ɗigawa har gida, shi kaɗai ne na waje da ya san zancen. Yaro ne mai hankali, ba shi da abin kushewa, ga mota. Ya daɗe yana zagaye-zagaye, Abba kuma ya daɗe da ba shi fuska. Bayan wannan rana sai Abba ya fara cewa, "Tunda kin nace sai kin je wurin wasan nan, ga shi nan ya sauke ki."

Ba ta iya musu ba. Ba ta kuma iya gaya wa Kyaftin gaskiya ba, saboda dokar Abba. Kullum ya tambaya sai ta ce, "Ka ɗan ƙara haƙuri, Abba ba ya jin daɗi." Shi kuwa Dogo, da yake yana ɗan gani dishi-dishi, kuma bakinsa ba ya riƙe magana, ya kai wa Kyaftin rahoton farar mota da mai ita.

Asabar ɗin nan Kyaftin bai tsokane ta ba. Ta kai masa ruwa ya ce na gode, kamar baƙuwa. Saƙon da ya biyo baya gajere ne.

"In an yi miki miji ne ki gaya mini, ba zan riƙe ki ba. Abu ɗaya na roƙe ki, kada ki ci gaba da ni don tausayi. Na sha shi har ya ishe ni."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Tausayi? Ita da take kwana kuka a kansa? Ranar Litinin ta same shi a ofishinsa, ko zama ba ta yi ba ta zazzage masa komai: ciwon Abba, shagon da aka rufe, dokar da ya kafa, da maganar makafi biyu. Ta karya dokar, kuma ta san ta karya.

Ya juyo wajen muryarta.

"Ke nan karatu kika zo yi a kanmu."

"Da farko, eh. Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba karatu ne ya sa na tura maka jar zuciya a gaban Dogo ba."

Murmushi ya ƙwace masa. Ya shafa ya jawo mata kujera. "Zauna, Ƙararrawata. Ki yafe mini. Yanzu gaya mini, in Abba zai sha ruwa, wa ke ba shi?"

"Ni ko Umma."

"In zai fita tsakar gida?"

"Mu riƙe shi."

"Takalminsa, rediyonsa, kofinsa, wuri ɗaya suke zama?"

"Umma tana gyara falon kullum, don kada ya yi tuntuɓe. Har kujerun muna matsar masa."

Kyaftin ya dafe kai. "Innalillahi! Kullum ya tashi a sabon gida ke nan. Ke da kike shimfiɗa mana layi duk Asabar, ba ki taɓa tunanin shimfiɗa wa Abbanki ba?"

Wallahi bai taɓa zuwa mata ba. A ɗakin wasa ta san ba a taɓa sandar mutum, ba a matsar masa da jaka. Tana shiga gida kuma sai so ya rufe mata ido, ta koma yi masa komai.

"Kun kusa kashe shi da kirki," in ji shi a hankali. "Haka aka yi mini lokacin da nawa idon ya tafi. Shekara guda ina zaune kamar kayan ɗaki."

Ranar hutu da hantsi ya yi sallama a ƙofar gidansu, farar sanda a hannu, jaka a kafaɗa. Umma ta rasa inda za ta sa kanta. Abba na jin baƙuwar murya da ƙwas-ƙwas ɗin sanda ya gane, fuskarsa ta haɗe.

"Uwata, abin da na hana ki ke nan? Kin kai sirrina waje?"

"Laifina ne, Baba, ni na matsa mata," in ji Kyaftin, ya durƙusa ya gaishe shi. "Kuma ba neman aure na zo ba. An ce ba ka yarda ba, na ji, na bi. Yau aiki na zo yi. In na gama ka ga bai yi maka ba, a ɓanɓare a zubar, ba za ka sake jin ƙafata a gidan nan ba."

"Wane aiki makaho zai yi mini?"

"Irin wanda sai makaho ya san ana buƙatarsa."

Abba ya yi tsaki ya juyar da kai, amma bai ce a kore shi ba. A wurin Abba kuwa wannan izini ne.

Kyaftin ya zube a gwiwa ya fito da igiya da salatif. Ita tana miƙe igiyar, shi yana bi yana mannewa, yana shafawa da tafin hannu. Suka ja layi daga ƙafar kujerar zuwa ƙofar ɗakin kwana, wani zuwa banɗaki. A duk inda hanya ta rabu sai ya ƙulla igiyar ta yi ɗan tudu. Yana aiki yana yi wa Umma bayani cikin ladabi: ƙofa ko dai a buɗe ta gaba ɗaya ko a rufe, rabi-rabi ita ke fasa goshi. Kofi da rediyo da takalmi, inda ya ajiye nan za su kwana. In za a fita daga falo a gaya masa.

"Ni da nake ganin gyara nake yi," in ji Umma, murya a sanyaye.

"Gyara ne, Umma. Hutawa kawai za ki ƙara."

Da suka gama na cikin gida ya tambaya, "Ina shagon yake?"

"Ba ruwanka da shagona," in ji Abba da sauri.

"To Baba. Layin dai zan kai bakin ƙofa, ba zan shiga ba."

Suka ja shi ta tsakar gida, suka zagaye wurin shanya, har dokin ƙofar shagon. Sannan ya dawo ya tsaya nesa kaɗan da kujerar.

"Baba, a cire takalmi a taka a ji."

"Ni ba yaro ba ne da za a koya mini tafiya."

"Haka ne. To mu za mu fita tsakar gida mu sha iska."

Ya yi musu alama suka fice su uku, suka bar shi shi kaɗai. Ta tsaya jikin taga tana leƙe. An daɗe ba abin da ya motsa. Can sai ta ga Abba ya zare ƙafa daga takalmi, ya laluba da babban yatsa, ya sami tudun igiyar. Ya miƙe. Ya yi taku ɗaya, ya tsaya, ya ƙara wani.

Da ya iso ƙofar falo ya ɗan yi tangaɗi. Ta zabura za ta ruga, bakinta ya buɗe, sai ta ji Kyaftin ya ce ƙasa-ƙasa, "Bar shi." Ta cusa gefen mayafi a baki ta cije. Ba ta taɓa yin shiru mai wuya irin wannan ba.

Abba ya gyara tsayuwa. Ya bi layin ya ratsa tsakar gida, ya wuce su bai ko kula su ba, leɓɓansa na motsi. Ya kai ƙofar shagon, ya shafa sama inda ya saba rataye makulli, ya same shi. Ƙofar ta yi ƙara ta buɗe, ƙamshin katako ya fito.

Suka ji yana taɓa kayansa ɗaya bayan ɗaya, zarto, guduma, kwalin ƙusoshi. Sai kuma shiru. Sai ga sautin da gidan ya manta da shi: shhh, shhh, takardar goge katako a kan wata 'yar kujera da ya bari rabi tun kafin ciwon. Umma ta zauna a bakin famfo ta rushe da kuka.

Kyaftin ya tattara sauran salatif ɗinsa ya sa a jaka. "Ki gaida Baba in ya fito," ya ce, ya tafi abinsa, ko ruwa bai tsaya sha ba.

Da yamma ta tura masa: "Har yanzu yana shago. Umma ta kai masa shayi ya ce a ajiye a inda ya ce, kada a matsar. Ban san da wane baki zan gode maka ba."

"Ki gode wa Koci, igiyarta na sato. Ki ci abinci, na san ba ki ci ba."

Kada ku ɗauka washegari Abba ya sauko. Ina! Mutumin nan taurin kai gare shi kamar katakon da yake aiki da shi. Makonni suka wuce bai ambaci yaron ba. Sai dai ya daina kiran a riƙe shi, ya koma yi wa Umma faɗan an taɓa masa guduma, wanda a wurinta ya fi kiɗa daɗi. Ita kuma ta sami mai kyamis ta gaya masa gaskiya, cewa zuciyarta tana wani wuri. Ya ji zafi, amma ɗan halak ne, ya yi mata fatan alheri, bai kuma fasa kawo magani ba.

Kyaftin bai sake zuwa ba, bai sake tayar da maganar ba. Wannan ya fi komai damunta. Wata rana ta kasa daurewa ta rubuta masa, "Ko ka haƙura da ni ne?"

"Ko kusa. Na yi wa Baba alkawari ne. Ba don ya ba ni ke na yi masa layi ba, kuma ba na so ya zaci haka. Zan jira, Ƙararrawata, ko zuwa yaushe ne."

Ranar da abin ya zo, tana shanya ne ta ji muryar Abba daga shago.

"Uwata! Salatif ɗin nan ya ɗago a wajen famfo. Ki kira mai aikin ya zo ya gyara abinsa."

Ta duba. Ɗan gefe ne ya ɗago, wanda da yatsa ɗaya za ta danne. Ta haɗiye dariyarta ta ce, "To Abba."

Kyaftin ya zo, ya danne, Abba ya ce ya shigo shagon. Ita ta laɓe a bakin ƙofa, kuma duk su biyun sun san tana nan, don ba a laɓe wa masu kunne irin nasu.

"Zauna," in ji Abba, ya tura masa 'yar kujerar nan da ya ƙarasa. "Ya ka ji ta?"

Kyaftin ya shafa ta sama da ƙasa. "Sumul, Baba. Sai dai ƙafar baya ɗaya ta ɗan fi sauran gajarta."

"Ɗan banza, ka gano." Abba ya yi dariya, rabon da ta ji irinta har ta manta. Sai kuma ya nutsu. "Tambaya zan yi maka, kada ka yi mini daɗin baki. 'Yata za ta wahala a gidanka?"

"Akwai abin da za ta yi mini, Baba, ba zan ɓoye ba. Za ta gaya mini in rigata ta yi tabo. Za ta karanta mini abin da waya ta kasa. In mun shiga sabon wuri za ta zama idona har in saba. Amma ni nake dafa abincina, ni nake wankina, ni nake zuwa aikina in dawo. Ba mai jinya nake nema ba, mata nake so. In ta gaji zan sani, in ta yi kuka zan ji, kuma ba zan zauna a kujera in bar ta da shi ba."

Abba ya murza ɗan guntun katako a hannu.

"Ni na zauna a kujera," ya ce daga baya. "Na ɗauka iyakar abin ke nan, sai na auna ka da kaina. Ka shigo gidan da aka ƙi ka, ka durƙusa a ƙasa ka mayar mini da ƙafafuna, ka tafi ba ka nemi komai ba. Na gode, ɗana. Allah ya saka maka." Ya ɗaga murya. "Ke kuma mai laɓe, shigo. Kina son sa?"

"Ina son sa, Abba," ta faɗa da ƙarfin da ya sa su duka suka zabura.

"To a hankali, ba kurame ba ne mu. Ka turo manyanka."

Aka sa rana, aka ɗaura aure cikin rufin asiri. 'Yan ƙungiya suka cika gidan da sanduna da surutu, Koci na ta tsawata musu kamar suna fili, Dogo ya ci abinci har sai da aka janye masa faranti. Mai kyamis ma ya zo, shi ya yi ta jigilar baƙi da motarsa. Gadon amarya da teburinta kuwa daga shagon bayan gida suka fito, Abba ya hana kowa sa hannu sai wurin yanka.

Da lokacin tafiya ya yi, aka kawo ta gaban Abba ta durƙusa, ango a gefenta. Abba ya ɗora hannu a kanta, ya shafa mayafin.

"Abu ɗaya ya tsaya mini a rai," ya ce. "Tun tana cikin zani nake fatan ganin fuskarta a wannan rana. Ga ranar ta zo, ban gani ba." Ya juya wajen angon. "Kai ya kake yi ka san tana murna?"

"A muryarta, Baba. In tana murmushi maganar takan fito daban. Ka sa ta yi magana ka ji."

Falon ya yi tsit. Abba ya sunkuyo da kunnensa.

"Uwata, ce wani abu."

Ta ɗago, hawaye na zuba, ta rasa duk kalmomin duniya sai ɗaya.

"Abba."

Ya lumshe ido, ya gyaɗa kai a hankali, fuskarsa ta washe.

"Na ji. Kuka take, amma murmushin ya fi yawa." Ya laluba ya kamo hannun angon ya haɗa da nata, ya riƙe su gam a cikin tafukansa masu kaushi. "Alhamdulillahi. Ku je, na yafe miki duniya da lahira. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa ku zame wa juna sanyin zuciya har ƙarshen rayuwa."

Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin.